Bindigar Gado a Ƙasar Arawa

Kore Mairuwa na bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai, ta ratsa Doso, ta nufi Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni. Tana cikin kwarin Dallol Mawri, kuma tun 2011 take ƙarƙashin gundumar Tibiri da aka yanko daga Dogon Dutsi. Ƙasar Arawa da Gubawa ce, wadda ake kira Arewa, inda noma ya fi komai, amma mahalba suna da tsohon matsayi a cikinta. Kamar sauran ƙasar Hausa, labarin kafuwar gari sau da yawa da mahalbi yake farawa, shi ke fara sauka bakin tabki kafin manomi ya biyo sawunsa. A gidan da ya gaji wannan sana'a da wuya a rasa tsohuwar bindiga, ko a jingine a ƙuryar ɗaki ko a naɗe cikin buhu nesa da idon yara. Mai ita ba don ado yake ajiye ta ba, bai kuma taɓa ɗaukar kansa mai tara kayan tarihi ba. Amma tarihi yake tsarewa, ko ya sani ko bai sani ba, kuma irin tsaron da yake yi masa ya cancanci nazari, don yana riƙe wani abu yana zubar da wani.

Bindiga baƙuwa ce a hannun mahalbin Arewa. Kwari da baka da kibiya mai dafin kwankwani su ne makaminsa na asali, da su ya yi farauta, da su ya yi yaƙi. A watan Afirilu na 1899, lokacin da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta afka wa Lugu, garin Sarauniya Mangu, mutanen Lugu da kibau suka tare ta, ita kuwa rundunar ta ƙona harsashi dubbai kafin ta shiga garin. Ba wai ba a san bindiga a Sudan ta Tsakiya ba kafin nan. Mai Idris Alauma na Borno yana da sojan bindiga tun ƙarni na 16, Sarki Tanimu na Damagaram kuma ya tara bindigogi masu yawa a ƙarni na 19, har ana ƙera masa igwa a Zinder. Sai dai waɗannan kayan fada ne, na sarki da bayinsa. Talakan da ke bin barewa a daji bai kai gare su ba sai daga baya. Saboda haka mafi yawan abin da ake kira bindigar kaka da kakanni a wannan yanki, in aka bi diddigi, ba zai wuce zamanin Nasara ba. Wannan bai rage mata daraja ba, ya dai nuna mana inda za mu nemi labarinta.

Hanyar da ta biyo tana da ban sha'awa. Doguwar bindigar nan mai ƙanƙara, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ta bakin teku ta shigo Afirka ta Yamma. 'Yan kasuwar Danmak sun yi cinikinta a gaɓar Ghana ta yau har zuwa 1850 da suka sayar wa Ingila da sansanoninsu, masana'antun Birmingham a Ingila da na Liège a Beljiyam kuma suka yi ta ƙera irinta musamman don kasuwar baƙar fata, da ƙarfe mai araha. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Brussels wadda ta taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, ta bar ƙofa a buɗe ga mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Ma'ana, da gangan aka tsayar da ɗan Afirka a kan makamin da Turai ta riga ta yi watsi da shi. Duk wanda ya riƙe tsohuwar bindigar toka yau, wannan hukunci na 1890 yake riƙe da shi a hannu.

Arewa kuma tana da wani abu da ya bambanta ta. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato ta bar wa Ingila, ƙasar Arawa ta faɗa ciki. Sai da aka sake zama a 1904 da 1906 sannan iyaka ta matsa, Dogon Dutsi ta koma hannun Faransa, dangi suka rabu biyu, wasu nan wasu can wajen Kangiwa da Argungu. Kasuwa ba ta san wannan layi ba. Don haka yankin ya zauna tsakanin mashigar kaya biyu, ta Ingilishi daga kudu da gabas, ta Faransa daga yamma. Daga wajen Faransa aka samu tsohuwar bindigar soja mai suna Gras, ƙirar 1874, wadda bayan an sallame ta daga aiki aka riƙa gyara bututunta ana sayarwa a matsayin ta farauta. Daga baya kamfanin Manufrance na Saint-Étienne ya cika ƙasashen mulkin Faransa da Simplex, mai baki ɗaya, mai sauƙin gyara. Waɗannan ba kowa ke samu ba. Dokar mulkin mallaka ta raba bindigar kasuwa da bindigar zamani, ta biyun sai da takardar izini, kuma sarakuna da mazan jiya da ma'aikatan gwamnati suka fi samun takardar. Gidan da ke da tsohuwar Simplex, akwai yiwuwar wani kakansu ya yi sarauta, ko aikin soja, ko aikin ofis. Bayan 'yancin kai Baikal ta Rasha ta zo ta mamaye kasuwa.

Duk wannan rabin labari ne in ba a ambaci maƙeri ba. Bindigar da ta shekara tamanin a hannun mahalba ba ta kai yau da ƙafarta ba, maƙera ne suka yi ta tallabarta. Itacen gindinta ya tsage, an sassaƙa wani. Kunama ta karye, an ƙera sabuwa daga guntun ƙarfen mota. Mai ƙanƙara an mai da ta mai cin hula. Inda bututu ya saki daga itace an ɗaure da wayar tagulla ko ɗanyar fata, fatar ta bushe ta kama kamar an haife su tare. Da maƙeran suka gama sanin cikinta sai suka shiga ƙera tasu tun daga tushe, ita ce ake kira adaka ko harba-ka-ruga, bututunta sau da yawa daga sandar sitiyarin tsohuwar mota ko bututun ruwa. Bindigar gado ta zama kamar tsohuwar riga da aka yi ta yi wa faci har facin ya fi asalin yadin yawa, mai ita kuwa bai daina kiranta rigar babansa ba. A ganina wannan aikin maƙera fasaha ce da ba a ba ta haƙƙinta ba. Mutumin da ba shi da injin, ba shi da zane a takarda, ya kwance ƙirar Birmingham ya gane ta da ido da yatsa, ya mayar da ita yadda take, ya cancanci a san sunansa. Amma maƙerinmu ba ya sa hatimi a kan aikinsa, shi ya sa ba mu iya cewa wannan hannun wane ne.

A nan ne al'adarmu ta yi hannun riga da ta masu tara tsofaffin bindigogi a Turai da Amurka. Su abin da suke nema shi ne bindigar da ba a taɓa ba: lambar da ke jikin bututu ta dace da ta sauran sassa, fentin masana'anta yana nan, hatimin gidan gwaji na Birmingham ko na Liège yana karantuwa, ga takardun da ke nuna daga hannun wa ta fito zuwa hannun wa. Gyara a wurinsu hasara ce. Kamfanoni irin su Purdey da Holland & Holland na Landan suna riƙe da littattafan da suka rubuta masu sayen bindigoginsu tun ƙarni na 19. Bindigar farautar da tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya zo da ita Afirka a 1909, an yi gwanjonta a 2010 a kan fiye da dala 800,000, kuma ba ƙarfen aka saya ba, sunan da takarda ta tabbatar aka saya. Mahalbinmu ma suna yake darajantawa. Tambaye shi game da bindigarsa, ba zai ce maka ƙirar shekara kaza ce ba, zai ce da ita kakansa ya kashe kurar da ta addabi garke, ko a hannun wane ta kwana lokacin yunwa kaza. Bambancin shi ne Bature ya rubuta, mu mun bar wa baki. Ban ga abin koyi ba a wajen mai kuɗin da ke kulle bindiga ɗari a akwatin gilashi don farashinsu ya tashi. Rubutun nan dai, shi kam abin koyi ne, don ranar da tsohon da ya san labarin ya kwanta dama, abin da ya rage guntun ƙarfe ne mai tsatsa, wanda mai sayen tsofaffin ƙarafa zai auna a sikeli.

Gadon ma kansa ya shiga wani hali. A al'adar mahalba kayan sana'a na bin ɗan da ya bi uban daji, tare da layu da guraye da sirrin itatuwa, domin a wurinsu bindiga ba ta cika ba sai da abin da aka ɗaura mata. Arewa kuwa ƙasa ce da addinin gargajiya da bori suka daɗe da ƙarfi, kuma wa'azin shekarun baya-bayan nan ya sa matasa da yawa suna ƙyamar duk abin da ke da laya a jiki. Wani ya tsinke layun ya ajiye ƙarfen, wani ya rabu da duka. Ban ce a tilasta wa kowa riƙe abin da imaninsa ya ƙi ba. Amma mutum na iya barin aiki da abu ba tare da ya shafe shaidar cewa kakanninsa sun rayu da shi ba.

Akwai gaskiya biyu masu ɗaci da masu son wannan al'ada ba su cika son ji ba. Tsohuwar bindiga tana cin mai ita. Bututun da tsatsa ta cinye daga ciki, ko wanda aka yi da bututun ruwa, ba a taɓa gwada ƙarfinsa ba, kuma wanda aka ƙera don baƙin albarushi ba ya jure harsashin zamani. In ya fashe, yatsu da ido ne ke tafiya. Bindigar da ta kai shekarun kaka ta gama aikinta, hutu ya kamace ta. Sannan dajin da aka saye ta dominsa ya ƙare. Gonaki sun haɗe, fari na shekarun 1970 da 1980 ya yi nasa, bindiga ma ta yi nata, kada mu wanke ta. Nijar ta rufe farauta a 1974, rufin da ya ɗauki fiye da shekara 20, sannan dokar 29 ga Afirilu 1998 ta tsara yadda za a yi ta da izini da lokaci da dabbobin da aka haramta taɓawa. Raƙuman dawan da ke yankin Kure, a Dallol Boso maƙwabciyarmu, sun ragu har zuwa kimanin 50 a 1996, da aka tsare su kuwa suka haura 600. Wannan ya isa hujja cewa abin da aka ɗaga wa ƙafa yana dawowa. Zabon daji da zomon da suka rage a Dallol Mawri ba za su iya ɗaukar mahalba irin na da ba.

Sai matsalar tsaro, wadda ta sauya komai. Iyakar Doso da Sakkwato da Kabi ta zama wurin zirga-zirgar masu ɗauke da makamai, kuma idon jami'in tsaro, da gaskiyarsa, ba ya son ganin ƙarfe a hannun farar hula. Nijar tana da hukumar tattara haramtattun makamai tun 1994, ta kuma ƙona makaman tawaye a Agadas ranar 25 ga Satumba 2000. Aiki ne mai kyau, amma an tsara shi ne don Kalashnikov, ba shi da gurbin da zai ce wannan kayan tarihi ce. Amurka tana ɗaukar bindigar da aka ƙera kafin 1899 a matsayin tsohon kaya, Faransa ma ta ware mafi yawan ƙirar da ta girmi 1900 ga masu tarawa. Mu a nan, mai bindigar gado tsoro ke sa ya binne ta ko ya cusa ta inda damina za ta same ta, tsatsa ta ƙarasa abin da doka ba ta yi ba. Haɗarin kuma ba na wasa ba ne: a watan Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 'yan Arewacin Najeriya a Uromi ta jihar Edo, bayan an ga bindigogin toka a motar da suke ciki. A ɗaya gefen, tun da mafarauta suka taimaka wajen ƙwato garin Mubi na Najeriya daga hannun masu tayar da ƙayar baya a 2014 ake ta kirarin cewa mahalba ne maganin 'yan ta'adda. Jarumtarsu ba abin musu ba ce. Amma tura mai harbi ɗaya ya tsaya ɗuri gaban mai harsashi talatin a cikin kwanso, sayar da ransa ne da araha, kuma tsaron ƙasa nauyin hukuma ne.

Abin da ya rage mana mai yiwuwa ne, ba ya kuma cin kuɗi mai yawa. Hukumar garin Kore Mairuwa da sarakunan gargajiya da shugabannin mahalba za su iya zama da jandarma da ma'aikatan gandun daji a buɗe rajista ta musamman ga tsofaffin bindigogi, a ɗauki hoton kowace, a duba hatimin da ke jikinta, a rubuta sunan gidan da maƙerin da ya gyara ta, mai ita ya samu takardar da za ta raba shi da zargi. Wadda ta lalace a toshe ta yadda ba za ta sake tashi ba, ta zauna a gidansu, ko a kai ta gidan tarihi na Doso ko na Boubou Hama da ke Yamai da sunan masu ita a rubuce. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Abdou Moumouni da cibiyar CELHTO, wadda aka kafa a Yamai a 1968 don tattara tarihin baka, su ɗauki muryoyin tsofaffin. Kai kuma mai karatu, in akwai irin wannan bindiga a gidanku, kada ka ɗura mata albarushi, kada ka sayar wa mai sikeli. Je ka zauna gaban Baba ko Kaka tun suna da rai, ka tambaye su daga ina ta zo, wa ya fara riƙe ta, wane maƙeri ya taɓa ta, ka rubuta.