Rumbunan Batagarawa a Idon Polly Hill

A 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke a Najeriya, wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill ta sauka a Batagarawa, 'yar tafiya kaɗan kudu da birnin Katsina, ta shiga bin gonaki da gidaje tana tambaya. Abin da ta tattaro shi ya zama littafin Rural Hausa: A Village and a Setting, wanda maɗaba'ar Jami'ar Kambirij ta fitar a 1972. Ilimin tattalin arziki gadon gidansu ne, don John Maynard Keynes kawunta ne. Amma ita ba ta yarda da lissafin da ake yi daga kan kujera ba. Tun a littafinta na 1963 kan manoman koko na kudancin Gana ta nuna cewa 'yan ƙasa ne, da jarinsu da dabararsu, suka gina wannan sana'a.

A wancan zamani masu tsara manufofin raya karkara sun ɗauka mutanen ƙauye duk kanwar ja ce. Tunda ga daji nan fili, wanda ya so ya sare ya shuka, ai babu wanda zai fi wani. Hill ta bi magidanta 171, ta auna gonakinsu, sannan da taimakon mutanen garin ta kasa su gida huɗu. Ma'aunin da aka yi amfani da shi ya fi burge ni: yaya mutum yake a tsakiyar damina, kafin sabon gero ya shigo? Akwai mai ci har ya taimaki wani, akwai mai riƙe kansa, akwai wanda abin ke ɗan taɓawa, akwai kuma wanda gidansa ke kwana ba a ɗora tukunya ba. Masu ci su bayar su ne mafi ƙaranci, gonakinsu na taki kuwa sun ninka na rukunin ƙarshe sau da yawa.

Inda littafin ya fi armashi shi ne bayanin yadda talaka ke kasa noma alhali ƙasar noma ba ta ƙare ba. Da kaka, ga haraji ga bashi, sai ya fitar da hatsinsa lokacin da kasuwa ta cika, farashi yana ƙasa. Mai hali ya saya ya zuba a rumbu. Kafin ruwa ya zauna rumbun talaka ya koma fayau, dole ya ɗauki fartanya ya tafi ƙwadago gonar wani don ya samo na tuwon dare, tasa gonar kuwa ciyawa na cinye ta. Ba shi da jakin kai taki, ba shi da dabbobin da za su tara masa takin. In ta ƙure ya karɓi falle, a ba shi dami ya biya fiye da haka da kaka, ko ya jinginar da gonar, ko ya sayar da ita gaba ɗaya. Hatsin da ya sayar da arha shi zai dawo ya saya da tsada. Kowane ɗan ƙauye ya san wannan labari. Aikin Hill shi ne ta bi shi gida gida, ta sa shi a ma'auni, har wanda ke ofis ya rasa ta inda zai musa.

Ta kuma yi adalci ga mai halin. Ba ta mai da shi azzalumi ba. Ta nuna cewa ƙarfinsa yana tattare da gandu, inda 'ya'ya maza, har da masu aure, ke noma tare da mahaifinsu, shi kuma ya ɗauke musu nauyi ya ba su gayauna. Ranar da ya kwanta dama, gandu kan watse, a raba gona, ɗan mai arziki na iya wayar gari cikin masu neman ƙwadago.

Sai batun mata. Baƙon da ya ga matan kulle zai ce ba su da hannu a kasuwanci. Hill ta leƙa bayan katanga ta tarar da ciniki na gudana, ana auna hatsi, ana soya ƙuliƙuli, ana matse man gyaɗa, yara na kai da kawowa da talla. Wannan kasuwar cikin gida ba ta shiga ƙididdigar kowace hukuma, ga shi kuwa da ita gari ke ci.

Littafin ba mai saurin karantuwa ba ne. Babban kaso na ƙarshensa sharhi ne da aka jera bisa haruffa, kalma bayan kalma, kan amfanin gona, sana'o'i da al'adun ciniki, sai mai karatu ya yi ta juya shafi gaba da baya. Ni dai wannan sashe na fi yawan buɗewa, ko da yake wanda ya zo neman labari miƙaƙƙe zai gaji. Akwai kuma abin lura: Batagarawa mazaunin hakimi ne, kusa da birni, kuma binciken bai ɗauki shekaru ba. Abin da aka gani a can ba lalle ya yi daidai da ƙauyen fadama ko na bakin iyaka ba. Hill ma ba ta tsaya nan ba, ta koma Dorayi da ke gefen Kano, inda jama'a suka yi yawa ƙasa ta yi kaɗan, ta fitar da wani littafin a 1977. Wanda zai karanta na Batagarawa, ya nemi na Dorayin ya haɗa.