Galla da Zumarta a Ƙasar Daura

Galla ƙaramin ƙwaro ne mai yin zuma, dangin ƙudan zuma, sai dai ba ta harbi. Ita ce ke addabar mutum a daji lokacin bazara, tana sauka a gefen ido da goshi don neman gumi. Irinta sun haura 500 a ƙasashe masu zafi na duniya.

A ƙasar Daura gidanta kogon bishiya ne, ko tsaguwar tsohuwar katangar ƙasa irin ta unguwanni kamar Kusugu. Ana gane ƙofar da wani ɗan bututu na kaki da ya leƙo waje, bai kai kaurin kara ba. A ciki babu saƙa irin ta amya. Galla tana haɗa kaki da ƙaron itace ta gina 'yan tukwane, wasu ta cika da zuma, wasu da garin fure.

Zumar ba ta da kauri, kuma tana da ɗan tsami. Ruwan cikinta yakan wuce kashi 25 cikin ɗari, alhali ƙa'idar cinikin zuma ta duniya ta tsaya a kashi 20. Shi ya sa takan yi kumfa idan ta jima a kwalba. Ga ta kaɗan: gida guda da wuya ya ba da kilo ɗaya a shekara. Don haka matsayinta na magani ne, na tari da miki, ba na zubawa a fura ba. A 2020 masu bincike a Jami'ar Queensland ta Ostireliya sun gano zumar wasu nau'o'in galla tana ɗauke da wani nau'in sukari da ba ya saurin hawa cikin jini.

Manomin Zango ko Baure ya iya kiwon ƙudan zuma: ya saƙa amya, ya shafe ta da kashin shanu, ya ɗora a kan gawo. Galla kuwa farautarta ake yi. A sa gatari a fasa kogon, a kwashe, a bar 'ya'yan ga tururuwa. Asarar ta fi ƙarfin abin da aka samu, domin ƙanƙantar galla ce ke ba ta damar shiga furannin da babban ƙuda ke tsallakewa, ta yi musu barbara. Saran icen girki, feshin maganin ƙwari a gonar wake, da siminti da ke maye gurbin ginin ƙasa duk suna rage mata wurin zama.

Wasu al'ummu sun daɗe da kiwonta. Mutanen Maya na Meziko suna ajiye ta a gungumen itace tun kafin zuwan Turawa. A Gana akwai cibiyar koyar da kiwonta a Abrafo, kusa da dajin Kakum. Hanyar ba ta da tsada: a mayar da gidan cikin ƙaramin akwatin katako a inuwa, a zuƙe zumar da sirinji ba tare da rushe tukwanen ba, idan ya yi ƙarfi a raba shi biyu. Tunda ba ta harbi, akwatin zai iya zama a tsakar gida, inda mata da yara za su kula da shi.