Waken da Ba Gishiri: Kiɗan Kajun da Zaidiko

Duk malamin da ya yi lakkol a ƙasar Damagaram ko Muniyo ya san labarin sambol, wato ƙashi ko guntun itacen da ake rataya wa yaron da ya kuskura ya yi Hausa ko Barbarci a harabar makaranta. Faransancin da aka hore mu dominsa, shi ma ya ɗanɗana irin wannan horo a kudancin jihar Luwiziyana ta Amurka. Tsarin mulkin jihar na 1921 ya wajabta koyarwa da Ingilishi, aka riƙa durƙusar da yara a kan tsabar masara idan sun yi harshen gidansu. Da aka kori harshen daga aji, sai ya fake a ɗakin rawa na daren Asabar.

Kiɗi biyu ne, ko da yake masu tallar yawon buɗe ido kan haɗe su da suna ɗaya. Kajun na jikokin manoman Akadiya ne, waɗanda Ingilishi suka kora daga gabashin Kanada a 1755. Kayansa goge irin na Turawa, da akodiyon ƙarami mai zugazugi, da ɗan ƙarfe mai kusurwa uku. Rawarsa ta mace da namiji ce, suna zagaya ɗaki da taku biyu ko uku. Zaidiko kuwa na baƙar fata ne masu jin Faransanci, kuma akasarin bayin da Faransa ta fara kai wa Luwiziyana daga yankin Senegal da Gambiya aka ɗebo su. Tushensa na cikin waƙar jure da Alan Lomax ya naɗa a 1934: murya da amshi, tafi da buga ƙafa, babu kayan kiɗa ko ɗaya. Wanda ya taɓa tsayawa a dandalin gaɗa a Gamu ba zai ji ta baƙuwa ba. Sunan ma, a faɗar da ta fi yaɗuwa, daga kalmar wake ta Faransanci ya fito, cikin wata magana ta talakawa kan waken da aka dafa babu naman gishiri.

A ganina, wanda ya fi cancantar saurare shi ne Amédé Ardoin, baƙin makaɗin akodiyon da ya shiga faifai a 1929 tare da Dennis McGee, farin mai goge, a zamanin da doka ta raba farare da baƙaƙe. Muryarsa siririya ce, tana tashi sama kamar za ta tsinke, akodiyon na bin ta a guje. Duka kiɗan biyu daga bakinsa suka sha. Clifton Chenier, da ya rasu a 1987, shi ya ba zaidiko ƙirarsa: babban akodiyon, ganguna, salon bulus na birni, da ɗan'uwansa Cleveland yana gurzar allon wanki na ƙarfe da ya rataya a ƙirji. Chenier gwani ne, babu musu. Sai dai daga kansa Ingilishi ya fara kutsawa cikin baituka, kuma yawancin matasan da suka gaje shi sun riƙe taken, sun saki harshen.

Farfaɗowar ta zo ne bayan Dewey Balfa ya ga yadda baƙi suka yi wa kiɗan ƙauyensu tafi a bikin Newport a 1964. A 1968 jihar ta kafa hukumar CODOFIL, wadda ta ɗauko malamai daga Faransa da Beljiyam da Kebek. Suka zo da Faransancin littafi, yaro ya koma gida yana gyara wa kakarsa magana. Nan ne darasin ya shafe mu. Kundin da hukumomin Nijar suka fitar a 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, amma wace Hausa za ta shiga aji, kuma ina matsayin Barbarcin da masu algaita na Gure suke kirari da shi? Ƙungiyoyinmu sun iya shirya gasa a kan dandamali, da alƙalai da mintoci ƙidayayyu. A garin Mamou na Luwiziyana kuwa, an shafe shekaru ana watsa kiɗan Kajun ta rediyo kai tsaye daga ɗakin rawa kowace safiyar Asabar, mai gabatarwa yana magana da harshen masu rawar.