Wa Ya Kamata A Ba Rigar Malam Zurƙe?

A shekarar 1933 aka yi gasar rubuta littattafan hira a Zariya, ƙarƙashin Rupert East. Cikin waɗanda suka fito daga gasar nan akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Mu a Rijiyar Zaki, in an gama roron gyaɗa an huta, akan taru a zaure da dare, wanda ya iya boko ya karanta, saura su kasa kunne. Kowa cikin zauren nan yana da nasa Malam Zurƙe a zuci. Wani ya ga dogo ramamme, wani ya ga gajere mai tumbi, kuma ba wanda ya yi kuskure, gama takarda ba ta tsare kowa ga fuska guda.

To, fim ba haka yake ba. Ran da aka zaɓi mutum guda aka naɗa masa rawani aka ce shi ne Zurƙe, sauran Zurƙen da ke zukatan jama'a sun kau. Yaron da bai karanta littafin ba kuwa, fuskar nan zai riƙe har ya tsufa. Saboda haka zaɓen 'yan wasa amana ce, ko da mai zaɓen bai sani ba.

Mu dubi inda aka dace. A 1976 Adamu Halilu ya mai da Shaihu Umar fim. Umaru Ladan, wanda ya fito a matsayin Shaihu, shi ne tun farko ya juya littafin ya zama wasan kwaikwayo, shi da Dexter Lyndersay. Watau ya daɗe zaune da mutumin nan, ya san yadda malamin da ya ɗanɗani bauta tun yana yaro zai zauna gaban almajirai, ya ba da labarinsa ba da ɗaga murya ba. Da aka gyara fim ɗin aka nuna shi a Balin ta Jamus a 2018, natsuwar nan tana nan ba ta tsufa ba. Haka kuma Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, har yau mutane na tuna shi da wasan Magana Jari Ce na talabijin, domin Hausa ta zauna a bakinsa.

A ganina, abu uku ya kamata mai zaɓe ya auna. Na fari harshe. Alhaji Imam da Malam Zurƙe da baki suke yaƙi, kowa na neman ya yi wa ɗan'uwansa wayo. In ɗan wasa bai iya jefa magana ya dakata inda ya kamata ba, dariya ta mutu, ko da ya fi kowa kyau. Aku ma na Magana Jari Ce, wanda ke tsare Musa da labari kada ya bi yaƙi, muryarsa ita ce duk aikinsa. Na biyu kamala, watau tafiya da zama da gaisuwa irin na mutanen zamanin labarin. Na uku shekaru, kada a shafa wa saurayi farin alli a gemu a ce dattijo ne, alhali ga dattawa nan da suka iya wasa.

Masu shirya fim za su ce sun zuba dukiya, kuma fuskar da aka sani ita ke jawo 'yan kallo. Lalle akwai gaskiya a nan. Amma a Ingila, da aka tashi yin fim ɗin Harry Potter na farko, wanda ya fito a 2001, yaran da ba su yi wani suna ba aka ba manyan matsayi, aka kewaye su da tsofaffin gwanaye, kuma ba a yi hasara ba. Sunan littafi shi ya kira jama'a. Ruwan Bagaja ma ba ya bukatar aron suna a ƙasar Hausa.

Shawarata ga mai son ɗaukar ɗayan littattafan nan ita ce, ya kai wanda ya zaɓa wani zaure irin namu, ya ba shi shafi guda ya karanta wa tsofaffi. In suka yi dariya inda suka saba yi, to, a ba shi rigar. In suka yi shiru suna duban ƙasa, a sake neman wani.