Masu Koya wa Tsoho Tashi daga Tabarma

A Horo Birni, kamar sauran garuruwan Shagari da Bodinga, rayuwar dattijo a ƙasa take. A kan tabarma yake cin tuwo, a kanta yake karɓar gaisuwa, a tsugune yake alwala, kuma sallolin farilla kaɗai raka'a 17 ne a yini, sujada 34. Wanda ya ƙirga sau nawa ɗan shekara saba'in yake kai jikinsa ƙasa ya ɗago shi tsakanin Asuba da Isha'i zai gane cewa ranar da tashi ya gagare shi, abubuwa da yawa ne za su tafi tare: sahun masallaci, zaman majalisa, har kewayawa ba tare da an riƙe shi ba. Wannan ne ya sa nake ganin girman wata sana'a da ba a cika yi wa kirari ba, ta mutanen da suka iya mayar wa tsoho ƙarfin tashi. A asibiti likitocin gashi ake ce musu, irin waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Jama'a sun fi sanin su da jinyar wanda ya karye ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Ni kuwa ɓangaren aikinsu da ya fi burge ni shi ne wanda ba ya neman na'ura ko lantarki, sai ido da haƙuri da sanin gwargwado.

Gwani yakan fara aiki tun tsoho bai zauna ba. Yana kallon inda hannu ya kai da aka zo bakin ƙofa, ko ya dafa bango ko ya wuce. Yana kallon tsawon taku, ko ƙafa tana ɗagawa ko jan ta ake yi, da yadda mutum yake juyawa, domin a wurin juyawa ne rauni ya fi tona kansa. A 1997 wasu masu bincike a Suwidin sun lura da wata alama mai sauƙi a gidajen kula da tsofaffi: waɗanda sukan tsaya cak idan an yi musu magana suna cikin tafiya, mafi yawansu sun faɗi cikin wata shida, saboda tafiyar kanta ta cinye duk hankalinsu, babu ragowar da za su raba da zance. A ƙasar Hausa wannan alama tana iya ruɗar baƙo, domin tsayawa a gaisa ladabi ne. Wanda ya san aikinsa yakan bari a gama gaisuwa tukuna, a kama hanya tare, sannan ya jefa tambaya kamar da wasa, “Baba, yaya geron bana?”, ya ga ko ƙafa za ta ci gaba da tafiya bakin yana amsawa.

Bayan ido sai awo. A auna hawan jini a zaune, a sake aunawa a tsaye, domin akwai wanda jiri ke ɗiba da zarar ya miƙe, kuma sau da yawa maganin da yake sha ne sila. A tambayi ciwon ƙirji, a duba ido ko yana ta rufe shi, a taɓa tafin ƙafar mai ciwon suga a ji ko yana jin taɓawar. Sannan a zo kan gwajin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya a littafinta na kula da tsofaffi na 2019: mutum ya zauna kan kujera, ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya tashi ya zauna sau biyar. Idan ya haura daƙiƙa 14, ko ya kasa sai da dafawa, to cinya ta fara ja da baya. Kujera ɗaya da agogon waya sun isa.

Abin da ke faruwa a cikin jiki ba ɓoyayye ba ne. Tsoka takan fara raguwa tun mutum yana shekara talatin da wani abu, a hankali, sannan ta ƙara sauri bayan sittin. Kwanciya kuwa tana cin ta da gaggawar da ke ba da tsoro. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2007, tsofaffi masu ƙoshin lafiya da aka kwantar kwana 10 kacal sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafunsu. A nan ne nake ganin tausayinmu yakan yi ɓarna ba da nufi ba. Dattijo ya yi zazzaɓi na mako biyu, ya warke, sai 'ya'ya su ce, “Baba, ka huta, ka yi mai wuyar.” A karɓe fartanya, a karɓe buta, a kawo masa komai har inda yake. Mutumin da bara yake zuwa fadama da ƙafarsa, bana sai a gan shi yana rarrafawa zuwa bakin ɗaki, kowa ya ce tsufa ne. Wani kaso tsufa ne, gaskiya. Kaso mai yawa kuwa zama ne, kuma shi wannan yana da magani. A 1990, a wani gidan tsofaffi na birnin Boston, Dakta Maria Fiatarone da abokan aikinta sun sa mutum 10 masu shekara 86 zuwa 96 ɗaga nauyi da ƙafa na mako takwas. Ƙarfin cinyar waɗanda suka kammala ya ƙaru da kashi 174 cikin ɗari a matsakaici. Tsokar ɗan shekara casa'in ma tana amsa kira.

Yadda ake koyar da tashin shi ne inda gwaninta take. Ba a farawa daga tabarma. Ana farawa daga mazauni mai tsayi, dakali ko benci mai ƙarfi da aka jingina da bango. Mai koyarwa zai ce a matso bakin mazaunin, a ja ƙafafu baya su shiga ƙarƙashin gwiwa, a sunkuyo har hanci ya zo saitin yatsun ƙafa, sannan a danna dunduniya a miƙe. Tsofaffi da yawa tsoron sunkuyowar suke yi, sai su yi ta yunƙuri nauyinsu yana baya, su koma su zauna daɓas. Gyara wannan kaɗai yakan sa wanda ake ɗagawa ya tashi da kansa a ranar farko, kuma wanda ya taɓa ganin fuskar dattijo a wannan lokacin ba ya mantawa. Komawa zaune ma darasi ne: a hankali, ana ƙirga ɗaya zuwa huɗu, ba a sakin jiki, domin saukowar tana gina cinya ƙwarai. Ba a riƙe numfashi, saboda hawan jini. Idan sau goma ya zama wasa, sai a rage tsayin mazaunin kaɗan, daga benci zuwa kujera, daga kujera zuwa kifaffen turmi.

Tashi daga ƙasa kuwa daga ƙarshe ake koyar da shi. Matakinsa na ƙarshe shi ne mutum yana durƙushe da gwiwa ɗaya, ɗaya ƙafar a dake, hannu a kan benci, ya miƙe. Shi ake fara maimaitawa har ya zauna a jiki. Daga nan a koma baya taki ɗaya, gwiwa biyu a ƙasa. Sannan gwiwoyi da tafukan hannu, kamar mai ɗagowa daga sujada. Sannan zaman gefe, sannan kwanciya. Hikimar ita ce a kowane darasi tsoho yana ƙarewa a tsaye, da nasara a hannunsa, ba a taɓa barin sa a ƙasa yana kokawa da abin da bai koya ba tukuna. Wanda ya iya wannan, ko da wata rana santsi ya kwashe shi a makewayi babu kowa a gida, ya san hanyar tashi. Addini ya yi rangwame ga wanda ya kasa tsayuwa ya yi sallarsa a zaune, kuma mai koyarwa na gari ba ya sa kowa jin kunyar kujerarsa a masallaci. Sai dai ya san cewa babu abin da ke sa dattijon Sakkwato dagewa da motsa jiki kamar begen ya sake kai goshinsa ƙasa, ko ya yi sa'ayi tsakanin Safa da Marwa da ƙafarsa, tafiyar da ta kai kilomita uku.

Hannun mai koyarwa ma yana da ladabinsa. Ba a fizgar tsoho ta hannu ko ta hammata; kafaɗa takan goce, kuma jikin ba ya koyon komai. Ana tsayawa ta gefen da ya fi rauni, ɗan baya kaɗan, hannu kusa da ƙugu, a shirye amma ba a riƙe ba. Sanda kuma a hannun da ke ɗaya gefen ƙafar mai ciwo ake riƙe ta, abin da mutane da yawa suke juyawa.

Sai daidaiton tsayuwa, wanda shi ne garkuwa daga faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe mutum 684,000 a shekara, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki, kuma waɗanda suka haura sittin ne suka fi yawa a ciki. Shawararta ta 2020 ga masu shekara 65 zuwa sama ita ce minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako, da atisayen ƙarfi da daidaito aƙalla kwana uku. Tafiya kaɗai ba ta wadatar. Ana tsayawa ƙafafu a haɗe, sannan ɗaya a gaban ɗaya dunduniya na taɓa yatsu, sannan ƙafa ɗaya, ana dafe da bango da hannu biyu, daga baya hannu ɗaya, daga baya ɗan yatsa, har a saki. Dole jiki ya ɗan yi tangaɗi, domin a cikin tangaɗin nan yake koyon kama kansa. In babu tangaɗi an ɓata lokaci, in ya yi yawa an sayi karaya. Gano wannan siririyar iyaka ga kowane mutum, a kowace safiya, shi ne abin da ba a samu a takarda.

Gwani yana aiki kamar maginin ƙasa, ya ɗora sahu ya bar shi ya sha iska kafin ya ɗora wani. Yau a yi, gobe a huta. Ya san bambancin tsamin jiki da ke wucewa bayan kwana ɗaya ko biyu da ciwon gwiwa mai kumburi da ke cewa a sassauta. Ma'auninsa na haki shi ne baki: idan ana iya amsa magana, an yi daidai, idan kalma ta gagara, a tsaya. Ciwon ƙirji, jiri, ko rauni na farat ɗaya a hannu ko fuska, waɗannan ba nasa ba ne, na asibiti ne nan take. A bazarar Sakkwato, lokacin da zafi ke haura digiri 40, bayan Asuba ake yi, a inuwa, da ruwan sha a kusa. Da azumi kuma a rage, a mayar da shi bayan buɗa-baki.

Akwai kuma kunya, wadda duk wanda ya raina ta zai tarar da benci babu kowa a mako na biyu. Dattijo ba zai yarda ya yi tangaɗi a gaban surukinsa ba, kuma Inna ba za ta ɗaga ƙafa a gaban namijin da ba muharraminta ba. Maza a zaure da sa'o'insu, mata a tsakar gida da mace mai koyarwa. Sa'o'i kan tsokani juna, tsokanar ta sa a ƙara sau biyu. A gida kuwa jika ya fi ɗa iya tuna wa kaka darasinsa, albarkacin wasan da ke tsakaninsu. Kuma ba a ba dattijo umarni, roƙonsa ake yi: “Ranka shi daɗe, a ƙara mana ɗaya.”

Likitocin gashi ba su da yawa, kuma a birane suke, Horo Birni kuwa mazaɓa ce ta karkara. Abin farin ciki shi ne wannan gwaninta tana koyuwa ga wanda ba likita ba. A Jami'ar Otago ta ƙasar Niyuzilan, Farfesa John Campbell da Dakta Clare Robertson sun tsara shirin motsa jiki na cikin gida: atisayen ƙarfi da daidaito na kimanin minti 30 sau uku a mako, da tafiya sau biyu. An gwada shi sau huɗu a kan mutum 1,016 masu shekara 65 zuwa 97, faɗuwa ta ragu da kashi 35 cikin ɗari. A wasu daga cikin gwaje-gwajen, ma'aikatan jinya ne da likitan gashi ya horar suka riƙa bi gida gida. A Nijeriya akwai Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa da ta fara aiki a 2021, akwai ma'aikatan lafiya na karkara irin waɗanda makarantar Gwadabawa ke yayewa, akwai kuma wakilan lafiya na unguwanni da hukumar lafiya matakin farko ta ƙaddamar a 2018. Hannuwan da za a koya wa suna nan.

Tsarin horar da masu horarwa kuwa ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta riƙa zaɓo dattawan mata masu mutunci daga ƙauyuka, ta karantar da su, ta naɗa su jaji da malfa, su koma su karantar da 'yan taru a garuruwansu, su riƙa dawowa wurinta da tambayoyin da suka fi ƙarfinsu. Zaɓen nan nata ya dace da wannan aiki: mutumin gari wanda ake jin maganarsa, mai shekarun da tsoho ba zai ji nauyin yin tuntuɓe a gabansa ba. A koya masa awon hawan jini, da gwajin kujera, da matakan tashi, da alamun da ke cewa a tafi asibiti. A ba shi benci da na'urar awo da littafin da zai rubuta sunan kowa da daƙiƙoƙinsa. Bayan wata biyu ya sake gwajin, ya ɗauki littafin ya kai wa likitan da ya koyar da shi a Sakkwato, su duba tare wa za a rage wa tsayin mazauni, wa kuma ya kamata likita ya gani da idonsa.