Makarantar Bakin Murhu: Abin da 'Yar Talaka Take Koya da Abin da Take Biya

A ƙauyukan ƙasar Hausa, daga Daura zuwa Maraɗi, da wuya yarinya ta kai shekara goma sha biyu ba ta iya ɗora tukunya ta sauke wa gida abincin dare ba. Babu wanda ya zaunar da ita ya karanta mata, babu ma'auni sai ƙwarya da tafin hannu, kuma sau da yawa abin dafawar ma bai taka kara ya karya ba. Mutanen birni sukan kalli wannan ko dai da tausayi, su ce bauta ce, ko da sha'awa, su ce tarbiyyar da ta ɓace ce. Duka biyun sun haɗa abu biyu da ya kamata a raba. A bakin murhun talaka akwai ilimi mai tsari wanda ya cancanci a riƙe shi da daraja, akwai kuma wahala wadda ba ta ƙara wa ilimin komai, talauci ne kawai ya ɗaura ta a jikinsa.

Mu fara da tsarin, domin shi ake yawan musantawa. Yarinya takan soma da tuwon ƙasa: gwangwani a kan tsakuwa uku, ƙasa a matsayin gari, ganye a matsayin miya. Wasa ne, amma jerin aikin daidai yake da na uwarta. Daga nan sai aike: miƙo muciya, ɗebo kara, iza wuta, wanke-wanke. In hannu ya yi ƙwari sai turmi, ta koyi sussuka da surfe da bakace, ta san yadda ake yayyafa wa gero ruwa kafin a surfa don dusa ta saki ba tare da ƙwaya ta farfashe ba, ta iya rege da ƙwarya har tsakuwa ta kwanta a ƙasa. Sai a bar mata kunu da ɗumame, waɗanda in sun ɓaci asarar kaɗan ce. Tuwon gida shi ne na ƙarshe. Wanda ya lura zai ga ba ƙarfin yarinya kaɗai ake bi ba, ana bin girman asarar da kuskurenta zai jawo. Gidan da awonsa tiya ɗaya ce a wuni ba shi da garin gwaji, don haka ake jinkirta mata babban aiki har sai idonta ya ƙoshi da kallo. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, shaida ne cewa tasowar yarinya cikin aikin gida a gefen manyan mata ya daɗe a ƙauyukan ƙasar Hausa tun kafin zuwan Turawa.

A dubi tuƙin tuwo kaɗai. Ruwa ya tafasa, a dama gari da ruwan sanyi a zuba, a bar talge ya dahu har ya fara tsalle yana fesowa. In aka yi gaggawar zuba gari kafin nan, tuwo zai fito da ɗanyen ɗanɗano, kuma ba zai kwana ba. Sai a riƙa barbaɗa gari da hannu ɗaya, ɗayan yana juya muciya, ana matse tuwon a jikin tukunya don kada ya yi gudaji. A janye itace, a rufe ya turara, a sake tuƙawa, sannan a kwashe da mara ana tsoma ta a ruwa. Babu agogo a cikin wannan duka. Nauyin muciya a hannu shi yake gaya mata gari ya isa, hanci shi yake gaya mata an kusa ƙauri. Kuma garin dawa ba ya shan ruwa kamar na gero, sabon hatsi ba ya yi kamar wanda ya shekara a rumbu, wutar kara takan tashi fuu ta mutu, ta itace takan daɗe. Yarinyar da ta iya tuwo ta iya karanta waɗannan sauye-sauye ne ta yanke hukunci nan take, wanda kuwa shi ne abin da ake kira ƙwarewa a kowace sana'a.

Amma zuciyar wannan ilimi tana wajen miya da tattali. Mai kuɗi yakan tambayi abin da yake marmari, talaka kuwa yakan tambayi abin da yake akwai. Don haka ake koya wa yarinya shanya kuɓewa da kuka da karkashi tun da kaka saboda rani, da sanin tafasa da rama da yakuwa da zogale idan damina ta sauka rumbu ya yi ƙasa. Ba a zubar da komai: dusa ta awaki ce, ƙasari na dabbobi, tsaki ya zama fate ko dambu, tuwon jiya ya zama ɗumame, ƙanzo ma a jiƙa a ci. Da yawa daga cikin dabarun nan kimiyya ta zo ta same su a kan hanya. Ɗan kanwa a tukunyar wake yana sa ya yi laushi da wuri, wato an rage cin itace. Haɗa hatsi da wake ko ƙuli-ƙuli yana cike gurbin da furotin ɗin hatsi yake da shi. Tsima gasara yana rage sinadarin da yake hana jiki zuƙar ƙarfen jini daga hatsi. Daddawa kuwa, da ake dafa kalwa awanni masu yawa, a cire ɓawo, a rufe ta kwana biyu ko uku, aikin ƙwayoyin bakteriya ne da mata suka iya sarrafawa ba tare da sun taɓa jin sunansu ba.

A shekarun yunwa ake ganin ƙimar wannan sani ƙarara. Tsofaffi sun bar labarin yunwar Kakalaba ta 1914, an ga farin 1973 da na 1984, sannan a 2005, bayan fari da farmakin fara, mutanen yankunan Maraɗi da Damagaram da Tawa sun koma ga 'ya'yan anza. Anza ba ta ciwuwa haka nan, sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita. Haka rogo mai ɗaci, wanda yake iya kisa in ba a jiƙa shi yadda ya kamata ba. Matar da ta san wannan a ƙuruciya ta koye shi, a shekarar da ba a bukatarsa, kuma da shi ta riƙe 'ya'yanta kafin taimako ya iso. Ban da haka, girki shi ne jarin mace. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta Katsina ta fitar da littafinta a 1972, ta nuna irin yawan cinikin da mata suke yi daga cikin gida, kuma dafaffen abinci yana da babban kaso a ciki.

Mai suka zai ce duk wannan ado ne ake yi wa aikin ƙananan yara. Sukar tana da ƙarfi, kuma bai kamata a kauce mata ba. Yarinyar da ta tashi da asuba ta je rijiya, ta dawo ta kama taɓarya, ta shiga daji neman itace, sannan ta ɗauki talla, ba za ta zauna a aji ba, ko ta zauna barci za ta yi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro a Nijeriya karatun shekara tara kyauta, amma hukumar UNICEF ta daɗe tana ƙiyasta yara sama da miliyan goma ba sa zuwa makaranta, mafi yawansu a arewa. Ga hayaƙi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida, wadda girki da itace da gawayi da makamantansu suke haddasawa, ta kashe mutane kusan miliyan 3.2 a 2020, cikinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Ga ƙunar talge da ta tafasasshen mai. Kuma nauyin nan a kan mata kaɗai yake, alhali masu shayi da masu tsire da almajiran da suke dafa wa kansu sun isa shaida cewa hannun namiji ba ya ƙin tukunya.

To amma a lura da abin da sukar ta kama. Ta kama rijiya mai nisa, da daka, da itace, da hayaƙi. Ba ta kama sanin talge ko sanin ganye ba. Muna da hujja a gabanmu cewa ana iya cire na farkon na biyun ya tsira: injin niƙa. Ya shiga ƙauyuka ya ɗauke wa mata awanni na daka da niƙa a dutse, kuma ba a ji garin da aka manta tuƙin tuwo saboda shi ba. Abin da yarinya take koya na gaske a wajen girki bai fi ƙarfin yamma da ranakun hutu ba. Abin da yake cinye mata wuni shi ne aikin ƙarfi da take maimaitawa bayan ta riga ta iya shi tun tuni.

Akwai kuma masu cewa ilimin gargajiya ne, cike da kurakurai. Akwai kurakuran. Kunu tsararo da ake yaye yaro da shi yana cika ciki ba ya gina jiki, kuma likitoci a Zariya tun shekarun 1970 suka danganta yawan shan kunun kanwa da wankan jego mai zafi da ciwon zuciyar da yake kama masu jego. Sai dai gyaran waɗannan a hannun wanda ya iya girkin yake. Uwar da ta san gasara ita ce za a ce wa ta ƙara gyaɗa ko waken suya ta gane nan take. Wanda ya raina tukunyarta ba zai iya gyara mata ita ba. Abin tsoro ma shi ne a bar kuka da daddawa a koma ga taliyar leda da ɗanɗanon kanti, waɗanda sai da kuɗi a hannu kullum, a gidan da kuɗi baƙo ne.

Saboda haka kiran yana kan ƙananan hukumomi da masu hannu da shuni su kai famfo da injin niƙa da murhu mai rage hayaƙi kusa da gidaje, yana kan sassan nazarin Hausa da na kimiyyar abinci a jami'o'inmu su zauna da tsofaffin mata su rubuta abin da suka sani tun suna raye. Iyaye kuma, a koya wa yaro hura wuta da tuƙa tuwo kamar yadda ake koya wa 'yar'uwarsa, a kuma bar ta ta je makaranta da safe.