Goshin Shafi a Littattafan Yaƙi da Jahilci: Sharhi a kan Aikin da Aka Bar wa Na'ura

Akwai wani ɗan layi da akan buga a can saman kowane shafi na littafi, ɗauke da sunan littafin ko sunan babi, wani lokaci tare da lambar shafi. Faransawa na kiran sa *titre courant*. Hausa ba ta tsayar masa da suna ba tukuna: "kan shafi" na iya nufin bisa shafi kawai, "kanu" kuwa ƴan jarida sun riga sun kama shi. Don haka a wannan sharhi za mu kira shi goshin shafi. Abin da za mu duba shi ne yadda ake tsara wannan layi a ƙananan littattafan Hausa da ake raba wa manya masu koyon karatu a gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, cikin jahar Maraɗi, wato littattafan noma, kiwo, kiwon lafiya da lissafin asusu. A ganinmu nan ne rubutun Hausa ya fi lalacewa a cikinsu, alhali babu wani layi da ake maimaitawa kamarsa.

Mai karatun da ya daɗe da saba wa littafi ba ya ma ganin goshin shafi, idonsa tsallake shi yake yi. Sabon mai karatu ba haka yake ba. An koya masa ya fara daga sama, daga hagu zuwa dama, saboda haka abin da zai fara sa wa yatsa shi ne wannan layi, kuma zai karanta shi sau arba'in idan littafin shafi arba'in ne. Bayan haka, littafi a ƙauye ba ya daɗewa da bangonsa. Ɗinki ya kwance, shafuka su watse, malami ya ɗauki shafi guda ya kai gari a yi masa fotokofi. A wannan hali goshin shafi kaɗai ke iya faɗin daga wane littafi takardar ta fito, da kuma wane babi.

Sai mu dubi yadda ake yin sa. A manhajojin tsara shafi irin su InDesign da Scribus, ba a rubuta goshi shafi bayan shafi. Akwai wani shafi na asali, bari mu ce uwar shafi, wanda duk abin da aka ɗora masa zai bayyana a sauran shafukan da ke bin sa. Akan yi guda biyu, na hagu da na dama, don bisa al'adar maɗaba'a sunan littafi na zama a hagu, sunan babi a dama. InDesign na da wata dabara ƙari a kan wannan: ana iya umurtar goshin ya riƙa ɗauko kalmomin da aka sa wa salon "sunan babi" da kansa, ya canza duk inda babi ya canza. Word ma na da irin wannan umurni. Aikin ya yi sauƙi ƙwarai, ba mu musun haka. Sai dai kuskure ɗaya da ya hau uwar shafi ya hau littafin gaba ɗaya, kuma mai gyaran rubutu, wanda galibi kafin a tsara shafuka ake ba shi aikin, bai taɓa ganin layin ba balle ya gyara.

Babbar matsalar ita ce ta haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Masu tsara shafi na son su bambanta goshi da jikin littafi, sai su zaɓa masa wani zubin haruffa dabam, su kuma mai da shi manyan baƙaƙe. To, zubin haruffa da yawa ba su da Ɓ, Ɗ, Ƙ da Ƴ ko kaɗan. Idan na'ura ta nemi harafin ta rasa, ko dai ta sa ɗan akwati a madadinsa, ko ta aro shi daga wani zubi ya fito a karkace tsakanin ƴan uwansa. Mai tsarawa ya ga muni, lokaci kuma ya ƙure, sai ya cire lanƙwasar ya huta. Akwai ma tarko mafi ɓoyuwa a InDesign. Goshin da ke ɗauko sunan babi da kansa kalmomi kawai yake ɗaukowa, ba ya ɗauko kwaskwarimar da aka yi wa harafi guda. Idan an toshe giɓin ƙ a sunan babi ta hanyar aro shi daga wani zubi, facin ba zai bi shi zuwa goshi ba. Haka kuma rubutun da aka buga da tsohuwar dabarar nan ta sa q, x da v a gurbin ƙ, ɗ da ɓ: da zarar goshi ya sauya zubi, sai "ƙasa" ta koma "qasa".

Wannan ba maganar ado ba ce. Ɗauki babi mai suna "Maganin ƙwari". A goshi ya zama MAGANIN KWARI. Manomin Tibiri ko Gidan Rumji, wanda gonarsa ke bakin Gulbin Maraɗi, ya san kwari sarai, ƙasa ce mai gangare inda ruwa ke kwanciya, kuma ba ta neman magani. "Gyaran ƙasa" ya koma GYARAN KASA, kasa kuwa macijiya ce. Mai karatu zai gane nufin daga jikin shafi, gaskiya ne. Amma abin da ya koya shi ne, lanƙwasar da malami ya sha wahalar koya masa ba dole ba ce, tunda littafin da kansa na yar da ita a kowane shafi. Hatta sunan jahar, Maraɗi, da ɗ yake.

Daga nan sai sunayen wurare. Sau da yawa abin da ke goshin shafi sunan aikin raya karkara ne da sunan gunduma, kuma da rubutun Faransanci: Aguié, Gazaoua, Guidan Roumdji. Wanda ya yi lakwal ya san cewa *ou* na nufin u ko w, *gu* na nufin g, *dj* na nufin j. Wanda ya koyi karatu da Hausa kawai zai karanta gu-i-dan ro-um, ya tsaya, bai gane sunan garinsu ba. Rubutun Faransancin na da wurinsa a takardun hukuma da taswira. A littafin Hausa kuwa Gazawa da Gidan Rumji ya kamata a gani. Sunan mai ba da kuɗin bugu da tambarinsa, bango ya ishe su. Ba mu ga dalilin da zai sa su cinye layin da ya kamata ya nuna wa mai karatu inda yake ba.

Wani aibin, mai sauƙin gyara, shi ne a bar sunan littafi hagu da dama tun daga farko har ƙarshe. Mai neman babin ajiyar wake ba zai sami taimako daga layin da ke maimaita masa abin da ya sani ba. Inda kuma sunan babi ya yi tsawo, kamar yadda na Hausa kan yi, goshin InDesign mai ɗaukowa da kansa ba ya karyewa zuwa layi na biyu, sai haruffa su matsu. Marubuci ne ya kamata ya ba da gajeren suna na kalma biyu ko uku don goshi.

Wasu masu tsara shirin yaƙi da jahilci za su ce a cire goshin baki ɗaya. Mun yarda da su a wuri guda, wato littafin farko na koyon baƙaƙe. Darasin da ya koyar da a, k da n kaɗai bai kamata ya ɗauki layi mai ts da ƙw a samansa ba; lambar shafi da lambar darasi, manya a fili, sun wadatar. A littattafan bayan an iya karatu kuwa cirewa asara ce, domin da goshi ne mutum ke koyon neman abu cikin littafi, kuma wannan dabarar ce zai buƙata ranar da ya buɗe ƙamus.

Ƙa'idar rubutu ba ta rasa ba. An zauna a Bamako a 1966, an zauna a Yamai a 1980, Ma'aikatar Ilimi ta Nijar ta fitar da ƙudurin rubutun Hausa a 1999, kuma a 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Kayan aiki ma akwai: tsarin Unicode ya ba kowane harafi mai lanƙwasa lambarsa, babba da ƙarami, kuma zubin Andika, wanda ƙungiyar SIL ta tsara musamman don sababbin masu karatu, da Charis na ita ƙungiyar, suna da su duka, kyauta ake samun su. Abin da muke nema daga masu ba da kwangilar bugu shi ne su rubuta cikin sharuɗɗa cewa goshi da Hausa za a yi shi, da ƙananan haruffa kamar jikin littafi, da zubin da aka gwada Ɓ, Ɗ, Ƙ da Ƴ a kansa, kuma masanin harshe ya sa hannu a kan shafukan da aka gama tsarawa kafin a kai su injin bugu.